Labarin da Kaka Ta Ƙi Rufewa

A gidanmu na Ƙofar Kware, ko an sauke tuwon dare ba a kashe murhu. Kaka takan jawo tabarma kusa da garwashi saboda ciwon gwiwarta, mu jikoki mu zagaye ta. Mace ce mai ban dariya, ni ma "maigida marar cefane" take ce mini.

Wani dare ba ta tsokani kowa ba, ba ta kuma fara da "ga ta nan" ba. Ta ce, "Wanga ba tatsuniya ta ba. Kowa shi natsu."

Ta ji labarin ne daga wata tsohuwar nas Baturiya da ta yi wa wanki tun tana da ƙarfi. Wani malami ne a ƙasar Turai yake riƙon marayu, 'ya'yan Yahudawa. Yaƙi ya zo, sojoji suna tattara Yahudawa suna loda su a jirgin ƙasa zuwa inda ba a dawowa. Abokansa suka samo masa hanyar tsira, shi kaɗai. Ya ƙi. Ranar da aka zo ɗaukar yaran, ya sa suka yi wanka suka sa kayan Sallah, suka riƙe hannun juna, ya saɓa ƙaramin a kafaɗa ya shige gaba.

Na tambaya ko Yahudawa ma suna da Sallah. Ta ce kowa yana da ranar sa rigarsa mai kyau.

Muka yi ta jiran dabarar da za ta kuɓutar da su, irin ta Gizo. Babu. Suka shiga jirgin, shi ke nan. Ƙanwata ta tuna mata ba ta ce ƙurunƙus ba, Kaka ta ce labarin ƙarya ake rufewa da wannan. Ni haushi na ji. Na ce ina amfanin binsu tunda bai ceci ko ɗaya ba?

Ta daɗe tana tona garwashi, sannan ta ce, "Maigida, ɗiyan nan ba su tahi su kaɗai ba."

Yau shekaruna da yawa ina koyarwa a wata firamare a Runjin Sambo. Wata rana tarzoma ta tashi a gari, iyaye suka kwashe 'ya'yansu. Aka bar mini biyar, 'ya'yan Kiristoci, waɗanda hayaƙi ya tare hanyar gidajensu. Ƙanena ya zo da babur ya ce in hau, masu tarzoma sun kusa iso mu. Wallahi na so hawa, har na ɗaga ƙafa. Sai na sauke ta, na ce wa yaran su riƙe hannun juna, muka bi lunguna zuwa gidana.

Ba na haɗa kaina da malamin nan. Ni na sa ran tsira, kuma mun tsira. Shi ya san ba zai dawo ba. Amma a lungu na biyu ƙaramarsu ta ja rigata, ta ce, "Malam, ina za mu?"

Na ce mata, "Inda za ni."