Nuruddeen da Tsofaffin Kahu

Ranar kasuwar Kibiya ce. Bayan asuba ɗana Nuruddeen ya sha koko a tsaye, ya goge babur ɗinsa, ya ce in ajiye masa tuwo. Da hantsi yana layin karɓar magani a Rano.

Tun da gwamnati ta sa tsofaffi cikin shirin rage tsadar magani, na hawan jini ya daina gagarar mutane. Nisa ne ya rage. Nuruddeen ɗan acaɓa ne, ya yi difloma bai samu aikin ofis ba, abin kuma bai dame shi ba. Shi yake kai tsofaffin matan ƙauyen Kahu a auna jininsu, shi yake karɓo musu magani. Ba sa karanta rubutun boko, saboda haka kowace ta yago masa ƙyalle daga tsohon zanenta, yana ƙulle nata a ciki.

Da azahar ya isa gidan Iya Jumai, wadda ta fi kowa ba shi wahala. Da magani ya yi sauƙi sai ta mayar da shi goro. Duk baƙuwar da ta ce kanta yana ciwo sai ta ɓallo mata ƙwaya. Kafin wata ya raba nata ya ƙare, jininta ya hau, har ta taɓa faɗuwa a tsakar gida.

"Maigidana ya iso," in ji ta. "Ina cefanen?"

"Ga shi, amarya. Na mako ɗaya ne."

"Gwamnati ta saki, kai ka ƙulle. Ban taɓa auren marowaci irinka ba."

"Likita Jumai ya rubuta wa, bai ce Jumai da maƙwabta ba. Karɓi ruwa."

Ta haɗiye, ta ce gobe za ta je wurin mai unguwa a raba auren.

Da la'asar ya ba ni labarin yana cin tuwo, yana kwaikwayon muryarta, na yi ta dariya. Da magariba ya ce jikinsa ba daɗi. Zazzaɓi ne. Bai cika mako a asibiti ba Allah ya karɓi abinsa.

Iya Jumai ta zo gaisuwa. Ta ce mini, "Hajiya, ban ba kowa ko ɗaya ba. Amma na jiya ne na ƙarshe."

Tufafinsa mun raba wa 'yan'uwa, wayarsa muka bar wa ƙanwarsa Hidaya. Babur da mun ce a sayar, sai ni da mahaifinsa muka ba abokinsa Ramalan, bisa sharaɗin duk ranar kasuwa hidimar tsofaffin Kahu zai yi, kuma Iya Jumai na mako ɗaya za a riƙa ba ta. Ƙyallayen suna cikin jakarsa, ba wanda ya san na wace ne wanne. Ramalan ya kai su Kahu ya shimfiɗa a kan tabarma, kowace ta ɗauki nata.