An Yaye Mana Rufi a Kurmin Mashi

Jama'a, yau daga bakin gadona na ga sararin samaniya!

Na dawo daga makaranta, na tarar kafintoci sun yaye kwanon ɗakinmu na haya. Inna tana zaune a tsakar ɗaki, rana a kanta, ta rungume rediyon marigayi Baba.

Na ce wa mai gidan, "Alhaji, lafiya?"

Ya ce, "Gyara nake, 'yata. Hukuma ta hana ni ƙara muku haya, ba ta hana ni gyaran gidana ba."

"Yaushe za a mayar?"

"Ranar da kuka tashi."

Inna ta nuna mini gabas da haɓa. Hadari ya haɗo, baƙi ƙirin! Yanzu haka littattafaina nake turawa ƙarƙashin gado.