Kwamfutar da Baba Ya Lulluɓe da Zane

Shekarun baya, ana saura kwana goma walimar sauka a makarantar mahaifina da ke Zangon Kumasi, Baba ya sa aka lulluɓe kwamfutar makarantar da zane, ya ce kada wanda ya sake taɓa ta.

Ni na jawo, ni da bakina. Wani ɗan rubutu ne ya riƙa fitowa a gefen fuskarta, Baba ya tambaye ni me yake cewa. Maimakon in ce ba komai, sai na tsaya gwada Turanci. Na ce ai cewa take babbar manhajar da ke tafiyar da ita ba ta asali ba ce, mai gyaran da ya sayar mana a unguwar Sofoline kwafa ya yi ba da izinin masu ita ba. Baba ya cire tabarau ya ce, "Wato shekara biyu da kayan sata nake buga sunan Allah?" Na ce, "Baba, kowa a garin nan haka yake yi." Ya ce shi ba kowa ba ne.

Ajin da zai yi saukar kuwa na iyayenmu mata ne, 'yan kasuwa, kuma an yi musu alkawarin takardar shaida mai sunan kowacce da Larabci. Cikinsu akwai wata tsohuwa mai sayar da koko a bakin layinmu, wadda ta fara karatu tana da jikoki. Duk safiya in na je sayen koko sai ta ce, "'Yata, takardata fa?" Tunda take ba a taɓa ba ta takarda don ta iya wani abu ba. Na ce wa Baba to a kai aikin shagon masu buga takardu, ya ce ina da tabbacin manhajarsu ta halal ce? 

Na hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Ayigya wurin wata ƙawata da ke karatun kwamfuta a jami'a. Ta yi mini dariya har da hawaye, sannan ta ce akwai wata manhaja, Linux, wadda masu ita suka bar wa duniya kyauta. Sai dai iri-iri ce, ta yi ta jero sunaye har kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Ke, zaɓar mini wadda ko ni zan iya." Ta zuba mini mai sauƙin a filashi, ta ja mini kunne in kwashe takardunmu kafin in taɓa komai.

Na dawo da murnata, Baba ya tare ni da tambaya. Wa ya ce kyauta ce? Ina shaida? Na ce akwai takardar sharuɗɗa, ya ce in karanto. Turancin lauyoyi shafi-shafi, ni da ko takardar magani ban taɓa kai ƙarshenta ba. Bayan azahar muka zauna, ina fassarowa daga wayata layi-layi, inda Hausa ta ƙare mini in kama Twi, harshen mutanen garin. Da muka zo inda aka ce kana iya amfani da ita, ka kwafa, ka gyara, ka ba wani, amma ba ka da ikon hana shi abin da aka yarje maka, sai Baba ya ɗaga hannu. "Maimaita." Na maimaita. Ya ce, "Ai wannan waƙafi ne. Rijiya suka haƙa a bakin hanya." Da hannunsa ya yaye zanen.

Wurin sa ta ma sai da na sha kunya. Na kwashe takardu, na sa filashi, amma sau huɗu ina kunnawa ina dukan maɓallin da ba shi ba, tsohuwar manhajar tana dawowa, Baba yana gefe yana jan carbi. A na biyar ta kama. Ta tambayi harshe, ta tambayi gari, ta tambaya ko ta share komai. Baba ya ce, "Share." Kafin magariba ta gama. Na ƙara mata Larabci, na buga bisimilla, rubutu ya taho daga dama lafiya lau. Daɗi ya kashe ni, na miƙe na ɗan taka rawa a gaban malam guda, ya yi kamar bai gani ba.

Ranar walima Baba ya sa masu sabuwar manhajar a addu'a. "Allah Ka saka wa waɗanda suka yi wannan aiki da alheri. Mu ba mu san su ba, Kai Ka san su." Mata suka amsa da amin mai ƙarfi, ba su ma san su wa ake nufi ba.

A lokacin taurin kai na ɗauki abin da Baba ya yi, har na yi ta gunaguni a bayan idonsa. Daga baya na gane so yake takardar da zai miƙa wa matan nan ta zama mai tsarki tun daga tushe, don ya san wahalar da suka sha a kanta. Har yau in na tuna sai in ji farin ciki, musamman mai kokon nan. Da aka miƙa mata tata, na matsa zan nuna mata inda sunanta yake, sai ta ture hannuna.

"Bari, 'yata. Ni zan karanta."

Ta ɗora yatsa a kan takardar, ta karanta sunanta harafi-harafi, kowa yana ji.