Makirufon Baba Mai Lasifika

A shekarar 1969 ni makaɗi ne a wata ƙaramar ƙungiyar kiɗan hailaif da ke unguwar Krofrom a Kumasi. Ni ke zama a baya kan gangunan Turawa, kuma babbar gangar nan ta ƙasa, wadda ake bugawa da ƙafa, tawa ce ta kaina. A hannun wani tsohon soja na saye ta da abin da na tara a dakon goro, na sake mata fata, na shafa mata jan fenti. A unguwar Alabar aka haife ni. Mahaifina ya zo daga Nijar da fataucin goro tun yana saurayi, a Kumasi ya rasu, ya bar ni da uwata da ƙannena mata biyu. Uwata koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi.

Mai ƙungiyar muna ce masa Masta. Da kaɗan ya girme ni, layinmu ɗaya muna yara. Ubansa Bahaushe ne, uwarsa 'yar Ashanti, shi ke waƙa, shi ke riƙe jita. A gaban baƙi bakinsa zuma ne. In baƙi sun tafi sai ya dubi cikinmu ya zaɓi wanda za a yi wa dariya ranar.

Da damina ta ja baya ya samo rakoda mai manyan faya-fayan tef guda biyu. Ya ce akwai wani mutum a Akra da ke buga faifai, ya yi masa alkawarin saurare in muka aika waƙoƙinmu. Muka taru a ɗakin da muke gwaji, muka ɗauki waƙa ɗaya da ɗan makirufon roba da ya zo tare da rakodar. Da aka kunna, muryar Masta ta fito, jita ta fito, amma gangata kamar ana dukan kwalin sabulu da tafin hannu. In na taka da ƙarfi sai sautin ya tsage ya rufe kowa.

Masta ya mai da tef baya ya sake kunnawa. Ya leƙa waje ya kira 'yan mata masu sayar da lemo, ya ce su zo su ji ƙafar jaki. Suka shigo suna rufe baki da mayafi. Na ce masa laifin makirufon ne, ba zai iya ɗaukar nauyin ganga ba.

Ya ce, "To, ƙanena, tunda kai ne injiniya, gobe ka ɗauko ganga naka mu je kantunan Adum mu zaɓi wani."

Na ɗauka a mota za mu. Da safe ya ce kuɗin mota ya shiga kuɗin makirufo. Na naɗa gammo na ɗora gangar a ka, tun daga Krofrom har Adum, shi yana gaba cikin farar riga yana gaisawa da mutane, ni ina baya yara suna bina suna dunƙula hannu suna buga fatar.

A kantin farko suna da wani makirufo dogo mai ƙyalli cikin akwati mai shimfiɗar jan ƙyalle. Mai kantin ya ce a cikinsa akwai wani siririn zare na ƙarfe wanda ko tari mai ƙarfi kan yaga shi, ganga kuwa kada ma a kusantar. Kuɗinsa ya fi na rakodar. A kanti na biyu irin namu na roba ne jere, sai launi da ya bambanta. A na uku mun ga wanda ya yi kama da zai iya, amma suka ce ba a gwaji sai an biya. Duk inda muka shiga Masta kan ce in tsaya a bakin ƙofa da kayan a kaina, kada in sauke, wai ƙasa za ta ɓata fentin. Da la'asar wuyana ya sandare. Muka dawo hannu wofi, ya shaida wa sauran cewa ni na hana a yi ciniki, wai masu kanti da sun gan ni sai su ƙara kuɗi don warin gumi.

Uwata ce ta tuna mini da Baba mai lasifika. Dattijo ne ɗan Nijar da ke bayan masallacinmu a Alabar, yana gyaran rediyo, yana kuma ba da hayar lasifika in ana wa'azi ko suna ko biki. Matarsa ta daɗe kwance da ciwon ƙafa, ba su da ɗa a kusa. Tare suka zo Kumasi da mahaifina.

Na kai masa gangar, Masta ya biyo da rakoda. Baba ya shiga ɗaki ya fito da wani abu naɗe cikin tsohon rawani. Baƙi ne, gajere, kansa kamar na taɓarya, fentinsa duk ya goge, ya kuma yi nauyi a hannu.

Ya ce, "Wannan maganaɗisu ne a cikinsa, ba ya tsoron iska. Ya sha faɗuwa daga kan mumbari, bai taɓa yin shiru ba. Ɗana, cire fatar gaba, ka sa matashi a ciki."

Ya ba ni matashin da yake jingina da shi. Na cusa, ya ajiye makirufon a bakin gangar, ɗan gefe kaɗan, ya ce in taka. Da aka kunna tef ɗin sai na ji gangata yadda nake jin ta a ƙirjina in ina bugawa, zagaye, cike, ba tsagewa. Baba ya yi murmushi ya ce ko matarsa da ke ɗaki ta ji wannan.

Masta ya ce, "Nawa, Baba?"

"Ba na sayarwa ba ne. Azumi ya kusa, da shi malam zai yi tafsiri. Bayan salla sai in ara muku kwana biyu ko uku, kyauta, saboda yaron nan. Amma kada a kai mini shi gidan giya."

Masta ya yi godiya har da rusunawa. A hanya ya tofar da yawu ya ce shi ba a yi masa sharaɗi, wata rana tsohon nan da kansa zai roƙe shi ya saya.

Cikin azumin dokar ta fito. An faɗa a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Da fari mutanen zango suka ce da sababbin zuwa ake. Sannu a hankali aka gane har da irinmu da aka haifa a nan, tunda ba a nan aka haifi iyayenmu ba. Ba mu taɓa riƙe wata takarda ba, ba wanda ya taɓa tambayarmu. Kafin mako ya zagayo Alabar ta zama kasuwa. Gadaje, kekunan ɗinki, tukwane, awaki, duk a ƙofar gida, masu saye suna yawo hannu a baya suna taɓa kaya da ƙafa. Waɗansunsu maƙwabtanmu ne da muke buɗa baki tare.

Baba ya fitar da kayansa, lasifiku da amfilifaya da wayoyi, yana neman abin da zai biya wa matarsa wurin kwanciya a lori, don ba ta iya zama. Masu saye biyu ko uku suka zo, suka tafi ba su dawo ba. Daga baya na ji Masta ne ya bi su yana cewa kayan na sata ne, 'yan sanda na neman wanda za a same su a hannunsa. Ya bari sai da wa'adi ya rage kwana ɗaya, sannan ya zo.

Ina gidanmu ina taya uwata ɗaure kaya na ji lasifika ta yi ƙara a bayan masallaci. Na fita. Mutane sun taru. Masta ya riga ya taya kayan duka a kan abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, Baba kuma ya sallama, don babu wani. Amma Masta ya ce ba zai biya ba sai an gwada a gaban shaidu. Ya sa Baba ya haɗa wayoyin da hannunsa, ya miƙa masa baƙin makirufon.

"Faɗa wa jama'a da yardarka ka sayar. Kada gobe a ce na cuci tsoho."

Baba ya riƙe makirufon. Ya ce, "Da yardata na sayar."

"Ba su ji ba a can baya. Ka kuma ce ka gode."

Muryar ta fita ta lasifikar har bakin kasuwa. "Da yardata na sayar. Na gode."

Na kutsa na ce, "Masta, ka ji tsoron Allah, da azumi a bakinsa." Ya juyo ya dube ni yana murmushi, ya ce a hankali, "Kai ina takardarka?" Sa'annan ya ƙirga kuɗin a tafin Baba, ya ɗauki har rawanin da ake naɗe makirufon. Kuɗin bai kai na wurin kwanciya ba. Washegari aka ɗora matar Baba kan buhuna a bayan lori, ƙafarta na lilo a waje.

Da yammar ranar cinikin Masta ya zo gidanmu, ya tsuguna gaban uwata ya ce mata Inna. Ya ce kawunsa yana aiki a ofishin da ake ba da takarda, ta bar ni a hannunsa, cikin 'yan kwanaki zai samo mini. In faifai ya fito kuwa, ni zan riƙa aika mata da abin cefane. Na ce mata in bi ta kawai. Ta ce in mun tafi duka hannu wofi wa zai ciyar da mu a can, gara ɗaya ya tsaya. Ta tafi da ƙannena a lorin da ya biyo bayan na Baba.

Masta ya ajiye ni a ɗakin ajiyar kayan kiɗa a Krofrom, ya ce kada in fita, ana kame. Da safe ya kulle daga waje, da rana a turo mini kenke, tuwon masara mai tsami, da barkono, in an tuna. A nan na yi ƙaramar salla. A nan shekara ta juya. Kullum na tambayi takarda sai ya ce kawu ya yi tafiya, ko hatimi ya ɓace, ko ana jiran hoto, alhali ba wanda ya ɗauki hotona.

Aikin kuwa ya tafi daidai. Muna ɗauka da hantsi kafin zafi ya cika ɗakin. Makirufon roba yana gaban Masta, baƙin yana bakin gangata, da matashi a ciki yadda Baba ya nuna. Waƙa bayan waƙa muka gama. Ban taɓa buga ganga da kyau kamar a watannin nan ba, don ba ni da wani abin yi, kuma a raina kowace waƙa kuɗin cefanen uwata ce.

Ranar da muka gama ta ƙarshe, Masta ya saurari tef ɗin daga farko har ƙarshe, ya naɗe ya sa a jaka. Washegari ya buɗe ƙofa tare da wani saurayi, ɗan 'yar uwar uwarsa, ya ce ya zauna a kujerata ya gwada. Saurayin ya zauna ya taka gangata.

Na ce, "Masta, mene ne haka?"

Ya ce, "Kawu ya ce ba ya yiwuwa. Kuma maƙwabta sun fara magana, ana cewa ina ɓoye baƙo. In aka zo ni za a ɗaure. Ka ga ni ma na yi ƙoƙari, wata nawa ina ciyar da kai?"

Na ce to in ɗauki gangata.

"Ka ɗauka ka kai ina? A ka za ka ɗora har Nijar? Daga nan zuwa tasha 'yan sanda nawa za su ga mutum da jar ganga? Bar ta nan, ana kula da ita."

Sauran 'yan ƙungiyar suna tsaye, kowa na duban igiyar jitarsa ko takalminsa. Masta ya ba ni abin da zai kai ni Tamale, ya ce ragowar hanya Allah na nan.

Daga Tamale na yi dako na hau wata mota, na yi dako na hau wata. A kan iyaka wani direba ɗan zangonmu ya gane ni. Shi ya shaida mini matar Baba ta cika a filin da aka tara mutane suna jiran a buɗe hanya, aka binne ta a gefen titi, Baba kuma ba wanda ya san inda ya nufa daga nan.

Na sami uwata a ƙauyen mahaifina, wajen Doso, a wata bukka bayan gidan ƙanensa. Ta rame, ƙanwata ƙarama tana tari. Ta dubi hannuna ta ga ba komai, ta tashi ta dama mini fura. Yaran gidan suka kewaye ni suna sa ni magana don su yi dariya, wai ina ce wa mace shi, wai Hausata ta 'yan Gana ce.

Da magariba baffan nawa ya kira ni zaure. Ya tambayi sana'ar da nake yi a Kumasi, na faɗa masa.

Ya ce, "Gidan nan ba mu da maroƙi. Kada in ji ka faɗa wa kowa. In an tambaye ka, ka ce dakon goro kake yi."

Ya miƙo mini fartanya ya ce ruwa ya kusa sauka, da asuba in bi 'ya'yansa gona. Ban taɓa riƙe fartanya ba. Kafin azahar tafukana suka fashe, 'ya'yan baffa suka bar mini kunyar da ke cikin rana, suka koma inuwa suna jira in gama.