Ba a Tura Don Evelio

Duk wanda ya taɓa hawa tudun Roble da keke ranar Lahadi ya san tafin hannun dattijon nan Don Evelio Ocampo, ko da bai san sunansa ba. Kana cikin haki, idonka ya fara ganin duhu, kana shirin sauke ƙafa ka sha kunya, sai ka ji faffaɗan hannu ya sauka a ƙasan bayanka, keken ya yi sauƙi. In ya ga numfashinka ya dawo, sai ya janye hannunsa ya koma baya neman wani.

Ni ma haka na san shi. Sunana Nubia, burodi nake gasawa a gari, kuma lokacin da na fara fitowa hawan keke ni kaɗai ce mace a cikin garada. Suna wuce ni suna ihu, "Nubia, koma ki duba tanda, burodi na ƙonewa!" Ina so in rama, amma ina numfashin? A nan hannun ya same ni, bai sake ni ba sai ƙofar shagon Doña Berenice da ke can ƙoli. Na juya zan yi godiya, ya miƙo mini alawar gwaiba a naɗe cikin ganye ya ce, "Ci, 'yata. Zagi ma sai da ƙarfi."

Tun yana yaro a kan keke yake, yana kai madara gari. Da ya zama saurayi aka ɗauke shi tsere, amma ba don ya ci ba. Aikinsa ya shiga gaba ya tare wa gwanin ƙungiya iska, ya koma baya ya ɗebo masa ruwa, in tayar gwani ta yi faci ya kwance tasa ya ba shi, shi kuma ya tsaya bakin titi yana kallon ƙeyar mutane. Kofi ko ɗaya babu a ɗakinsa. Da ƙafa ta fara sanyi ya koma gonar furanni, ya tsufa a sunkuye yana yankan fure. Lahadi kaɗai ce tasa. Hanyar Roble ta ratsa dajin gwamnati, babu motar da ke binta sai ta madara da ta masu gadin daji, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da ɗigar ruwa daga ganye. Ya sha gaya mini cewa nan ne kawai ba wanda ke aikensa.

Girman kansa guda ne. Ba a tura shi. Ya faɗa a gaban kowa, da kofin ruwan mazarƙwaila a hannunsa, cewa ranar da hannun wani ya taɓa bayansa a hawa, ranar zai rataye keke. Muka yi dariya, don a lokacin wa zai ma kamo shi? Amma magana zarar bunu ce, kuma 'yarsa Yolima tana wurin.

Bayan rasuwar matarsa, Doña Amparo, ya zauna shi kaɗai a gida. Yolima ta gyara masa ɗaki a gidanta na birnin Medellín, can saman bene, taga na kallon bangon wani benen. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta kawo masa maganar likita a kan zuciyarsa, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Da ta gaji ta ce, "To Baba, na bar ka da bakinka. Ranar da aka tura ka, ka haɗa kayanka." Ya ce ya yarda. Ban ga laifinta ba, ubanta ne. Sai dai mu ta bar wa aikin.

Don jiki magayi ne. Mutumin da a da muke ganin bayansa kawai, ya dawo tsakiya, daga tsakiya ya koma ƙarshe. Mu kuwa muka zama maƙaryata. Arbey, direban bas mai bakin tsiya, tayarsa ta yi ta faci Lahadi bayan Lahadi, kuma kullum a gindin hawa mai wuya. Ya sauka ya yi ta buga famfo a tayar da ke cike taf, har tsoho ya iso ya huta. Wani ya ce fitsari ya kama shi, wani ya tsaya ɗaukar hoton tsuntsun da babu shi. Ni ciwon gwiwa na ƙirƙiro. Wallahi hawan a hankali ya fi hawan gudu gajiyarwa, ga sanyi yana shiga ƙashi, ga burodin Litinin yana jirana. Akwai ranar da na dawo gida na jefar da hular kwano na ce ni na gaji, tsohon nan zai kashe mu da taurin kai. Lahadi na zagayowa ni ce ta farko a dandalin da muke haɗuwa.

Kuma ya sani. Wata rana ya dubi Arbey yana fama da famfo ya ce, "Kai, tayar nan taka ta fi ni tsufa ne?"

Arbey ya ce, "Ƙaya ce, Don Evelio."

"Ƙayar da ke fitowa ranar Lahadi kawai? Mai zuwa coci ce ke nan."

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gajimare ya sauko har kan kwalta. Muka wuce mutum-mutumin Budurwa Maryamu da ke bakin daji, kowa ya yi alamar gicciye, muka shiga cikin itatuwa. Tun a nan na ga kafaɗunsa suna rawa. Arbey ya yi facinsa kamar yadda ya saba, amma tsoho bai tsaya ba, ya wuce shi yana cewa, "Yau ka buga famfonka kai kaɗai." Na bi bayan tsoho.

Kwanar ƙarshe kafin ƙoli muna kiranta Bango, don haka take, a tsaye. Dama da ita kwazazzabo ne, sai 'yan duwatsu da aka jera aka shafa musu farin fenti. A tsakiyar Bango keken Don Evelio ya daina tafiya. Bai faɗi ba, bai ci gaba ba, tayar gaba tana lilo hagu da dama. Takalmanmu a maƙale suke da feda, sai ka murɗa diddige kafin ka sauke ƙafa. Na ga yana murɗawa, ƙafar ta ƙi. Keken ya karkata wajen duwatsun.

Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ya riga ni, ya sauka a bayansa. Na ji rigarsa sharkaf, na ji ƙasusuwan bayansa ɗaya-ɗaya a tafina, babu nama ko kaɗan. Na san abin da na yi.

Bai juyo ba. Muka yi 'yar tafiya a haka, sannan ya ce cikin haki, "Ƙasa kaɗan, 'yata. Ba a kafaɗa ake turawa ba, kayar da mutum za ki yi."

Na sauke hannun inda nasa ya taɓa sauka a bayana. Ina turawa ina kuka, ina zagin tudun, ina zagin Yolima, ina zagin shi kansa a zuciyata. Bai fi rabin buhun garin burodi nauyi ba.

A shagon Doña Berenice sauran suka iso ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon takalminsa. Ta kawo ruwan mazarƙwaila mai zafi da cuku da wainar masara, ba wanda ya taɓa. Arbey ne ya fara.

"Ni dai gajimare ya rufe mini ido. Ban ga komai ba."

"Mu ma haka," in ji sauran.

Doña Berenice ta ce, "Evelio, tun muna makaranta kake da kan jaki. Wa zai kai wa Yolima labari? Sha abinka ka yi shiru."

Na ce, "Ƙuda na kore maka, Don Evelio. Ƙuda ne a rigarka."

Ya yi dariya har ta zame masa tari. Ya tsoma cuku a kofi, ya jira ya narke, ya cinye a hankali. Sannan ya ce, "Ƙudan nan da nauyi yake, tun daga Bango ake korarsa. Kun gaji, yarana. Ni ma na gaji. Berenice, ƙusar nan da kike rataye ayaba, za ta ɗauki keke?"

Shi ya so ya ɗaga da kansa, bai iya ba. Arbey ya kama masa tayar baya. Suka rataye shi a bango, taɓo na ɗiga daga taya a kan akwatin lemo. Tsoho ya zaro sauran alawar gwaiba daga aljihun baya ya zuba mini a hannu, ya ce can inda za shi ba a buƙatarta.

Ba a jima ba motar madara ta zo za ta gangara gari. Direban ya buɗe masa ƙofa. Matakin motar da tsawo, ga takalmin keke da santsi a ƙasa. Ya ɗora ƙafa ɗaya, ya kama ƙofa, ya yunƙura, ya dawo. Ya sake yunƙurawa, ya sake dawowa. Ina tsaye daf da bayansa, na ɗaga hannu, na tuna, na maƙe shi a ƙirjina.

Ya waiwayo ya dube ni, ya dubi hannun.

"To me kuma kike jira, Nubia?" ya ce. "Yanzu ai babu laifi. Tura."