Gadin Piti

Baushe ya yi shekara tara yana gadi a gidan wata ƙungiyar likitoci a Abala, lokacin da 'yan gudun hijirar Mali suka cika garin. Faransancinsa na bakin ƙofa ne: buɗe, rufe, wa kake nema. Amma duk maganar da ya ji an sa "gard" a cikinta, ya san da shi ake.

Shugabar gidan wata baturiya ce da kowa ke kira Madam, tana da kare wanda ba a taɓa ganin irinsa a ƙasar Kurfai ba. Tsayinsa ya kai ƙugun mutum, kansa kamar turmi, ita kuwa don neman magana ta sa masa suna Piti, wai ƙarami. Ran da hanya ta lalace aka ce turawa su koma Yamai, motar ba ta da wurinsa. Madam ta ɗora igiyar a hannun Baushe tana hawaye, ta ce, "Garde-le." Baushe ya ƙame ya sara mata. An ba shi gadi, ya karɓa. Da turawa suka tafi, ya koma gida da karen.

A ƙauyensu kusa da Filingue, idan mutum ya ba ka kiwon dabba, ran da ya zo karɓa hannu yake fara kaiwa gefen cikinta. In ya taɓa haƙarƙari, ka ji kunya ke nan har jikokinka. Saboda haka Baushe ya sa Piti a turke kamar ragon layya. Tuwo da safe, fura da rana, ran Lahadi kuma ya je kasuwa ya biyo mahauta ya tattaro kitse da tumbi. Matarsa Tambara ta ce ita dai tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa tambayarta ko ta ƙoshi sau uku a yini ba, sai ga kare ya samu. Uban Baushe maharbi ne, Baushe ma ya san daɗin shiga daji da kare, kuma sau da yawa in Piti ya ɗaga kai yana shaƙar iskar damina, sai ransa ya biya. Amma ba a kai kayan mutane daji. Ko shafa kansa ba ya yi sai in ba kowa, kada a ce ya sa rai da abin da ba nasa ba.

Shekara huɗu ana haka. Haƙarƙari ya ɓace, ƙugu ya ɓace, sannan tafiya ta fara ɓacewa. Piti ya koma sai an ɗaga masa baya yake tashi. Da bazara ya kwanta gindin randa yana haki tun hantsi har la'asar, Baushe na jiƙa buhu yana lulluɓa masa, shi kansa gwiwoyinsa na ƙara. Ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta, amma kullum tunaninsa ɗaya ne: Madam ta sauko daga mota ta same shi da rai.

Da abin ya ƙi, maza uku suka ɗora karen a amalanken jaki zuwa Filingue, wurin Hamani likitan dabbobi. Aka aza shi a sikelin buhuna, kilo casa'in. Hamani ya danna gefen cikinsa ya danna, bai taɓa ƙashi ba. Ya yi wa Baushe bayani a hankali cewa kare ba rago ba ne, lafiyayyensa shi ne wanda hannu ke jin haƙarƙarinsa, kuma wannan kitsen shi ya cinye gaɓoɓin, yana kuma danne zuciyar. Ya ƙara da cewa irin waɗannan manyan ba su daɗewa, shekara bakwai ko takwas sun tsufa.

"Karnukan babana sha ukku suka yi," in ji Baushe. "Wanga hwa bakwai gare shi."

"Baba, tsoho ne. Ka rage mishi ci, ko ya samu sauƙin tashi."

Ya rage. Wannan ya fi komai wuya, domin Piti ba ya haushi, sai dai ya zuba masa ido in yana cin tuwo, har Baushe ya koma cin nasa a bayan rumbu. Maƙwabta suka fara cewa ya gaji da amana yana horon ta da yunwa. Wata goma aka yi. Karen ya ɗan miƙe, har yakan taka zuwa bakin rijiya ya dawo. Wata safiya bayan girbi Baushe ya kai hannu ya ji haƙarƙari sarai ƙarƙashin tafinsa, sai dai cikin ba ya motsi. Ya haƙa rami mai faɗi bayan gona, ya wuni yana haƙa.

Saura faɗa wa mai kaya. Hamani ya nemo lambar Madam wurin wani tsohon direban ƙungiyar, Baushe ya yi magana a wayar, ya ce ya yi gadi iyakar ƙarfinsa, ya gaza, ta yafe masa. Bayan kwana biyu saƙon muryarta ya zo. Hamani ya saurara sau biyu, ya ajiye wayar bisa tebur, ya ce ta gode ƙwarai, ta ce uwar Piti ma shekara shida ta yi. Sannan ya tambayi Baushe me ta ce masa ran da za ta tafi. Baushe ya maimaita masa yadda ya ji.

"Baba, maganar nan baki biyu gare ta. Ba gadi ta ce ka yi ba. Cewa ta yi ka riƙe, ta ba ka."

Baushe ya jujjuya hularsa a hannu. A waje jakinsa na ta kaɗa kunne saboda ƙuda.

"Ashe nawa ne," ya ce. "Da na sani da na kai shi daji ko sau guda."