Dogo, Ma'aunin Rufin Mota

Ranar Litinin, 4 ga Maris 1974, na fara ganin Dogo, lokacin da ya sunkuyo ta ƙofar ofishina don in sa shi a rajistar ma'aikata. Aikin walda ya zo yi. To amma kamfaninmu ƙananan motoci yake ƙerawa, masu ƙofa biyu, kuma injiniya na ganinsa ya ce ya sami ma'auni: duk motar da ta ɗauki Dogo za ta ɗauki kowa.

Tun daga ranar, babu motar da ke fita sai Dogo ya zauna a ciki da hularsa, ya miƙe wuya, an zura yatsu biyu tsakanin hular da rufi. Abokan aiki suna tsokanarsa, wai shi kaɗai ne aikinsa zama. Shi kuwa sai ya ce su yi tsawon su gani in wasa ne.

A shekara ta uku ƙarfe ya yi wuyar samu. Sabon manaja ya sa aka rage tsayin rufi da yatsu huɗu, sannan ya ja Dogo gefe ya ce idan mai kamfani ya zo dubawa, ya cire hula, ya ɗan zame a kujera, ya ce komai daidai. In ba haka ba, masu walda ba su ƙare a gari ba. Dogo yana da 'ya'ya biyar, ga tsohuwarsa a gida.

Ranar Alhamis mai kamfani ya zo. Dogo ya shiga motar da hularsa, ya zauna yadda ya saba. Hular ta lotse, wuyansa ya karkace.

"Yaya dai, Dogo?" in ji mai kamfani.

"Ranka ya daɗe, ni in aka ce in sunkuya zan sunkuya, ɗan aiki ne ni. Amma wanda ya sayi mota da guminsa, wa zai riƙa sunkuya wa?"

Mai kamfani gajere ne, bai taɓa sanin akwai rufi a motarsa ba. Ya dubi hular, ya dubi manaja, ya ce a mayar da yatsu huɗun nan inda aka ɗauko su. Manaja bai sake amsa gaisuwar Dogo ba, amma bai iya korarsa ba.

Ƙarancin ƙarfen ne dai ya ci kamfanin. An rufe shi a ƙarshen Satumba 1978, bayan ya ƙera mota 611, kuma Dogo ya zauna a cikin 540 daga cikinsu. Daga nan ya buɗe rumfar walda a bayan tasha, yana haɗa ƙofofi da tagogi, ya aurar da 'ya'yansa duka. Ya rasu a watan Yuni 2003, yana da shekara sittin da takwas.